Katifa Mai Tabon Ruwa

Mayo Gwoi, Jalingo.

Zuwa ga autata Hafsatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa kin sauka Numan lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya sa ki shiga garin da ƙafar dama. Na cusa takardar nan a cikin buhun kuka da daddawa ne saboda na san halinki, shi za ki fara kwancewa kafin akwatin kaya.

Na ga yadda kika tsuke fuska sa'ad da na sa aka ɗaure tsohuwar katifar nan a saman mota. Ba ki yi magana ba, amma na ji ki sarai: uwa mai shagon katifa guda, a rasa abin da za ta sallami autarta da shi sai mai tabo. Haka kuma maganar da kika yi muna cin tuwo ta tsaya mini a rai, da kika ce ke ba za ki yi wa shagon maganinki inshora ba, domin kin ga wahalar da masu inshorar suka ba ni. Auta, rabin labarin kika gani. Kina makaranta aka yi abin, kika dawo hutu kika tarar da ni na rame, kika koma kafin a ƙare. Duk abin da muka tara ni da ke yanzu yana cikin kwalayen maganin da kika tafi da su, kuma shagon da kika kama ana hango kogi daga ƙofarsa. Don haka ki zauna ki karanta, ko da shayinki zai huce.

Ni ba don wayo na yi inshora ba. Kamfanin da ke ba ni katifa ne ya ce ba zai ci gaba da sauke mini kaya ba sai na yi. Aka turo mini wani wakilin kamfanin inshora, Malam Iliya, mutum mai sanyin murya. Ya zagaya shago, ya leƙa ɗakin ajiya na baya, sannan ya tambaye ni kayan ciki za su kai nawa. Kin san gidan da na fito. Kakanki bai taɓa faɗin yawan shanunsa ba har ya koma ga Allah, in an tambaye shi sai ya ce, "Suna nan dai." An raine mu a kan cewa ƙirga dukiya a gaban baƙo yana jawo baki, yana kore albarka. Sai na faɗi abin da bai fi rabin gaskiya ba. Malam Iliya ya ɗago ya dubi katifun da suka kusa taɓa rufi, ya ce, "Hajja, kin tabbata?" Na ce na tabbata. Har daɗi na ji da na ga kuɗin da zan riƙa biya duk shekara ya ragu.

Wannan ita ce asarar da babu lauyan da ya iya dawo mini da ita. Ashe ƙa'idarsu ita ce, in ka rubuta rabin dukiyarka, ranar biya ma rabin asararka za su ɗauka, sauran kai ne inshorar kanka. Kuma a nan suna da gaskiya, ba ni da bakin magana. Saboda haka ranar da wakili ya zo shagonki, ki faɗi gaskiyar abin da ke ciki, har firjin allurai da kantoci. In kaya sun ƙaru ki koma ki ƙara. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. In bakin mutane kike tsoro, ki yi addu'arki ki tofa, amma ki rubuta adadin daidai.

Abu ɗaya Malam Iliya ya yi mini wanda har gobe ina sa shi a addu'a. Ni gobara kawai na sani. Shi ne ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi gangaren da ya sauka rafi, ya ce, "Hajja, ke ba wuta ce maƙwabciyarki ba, ruwa ne. Bari in ƙara miki da ambaliya." Na yi ta ƙunƙuni a kan ɗan ƙarin kuɗin. Da ya biye mini, da yau babu shago, babu karatunki, babu wannan wasiƙa. Takardar yarjejeniyar kuwa da aka kawo, ni da na koyar da yara karatu shekara da shekaru a firamare, ban buɗe ta ba. Na naɗe ta a leda na tura ƙarƙashin zannuwa. Ke kam ki karanta taki tun daga farko har ƙananan rubutun ƙarshe. Haƙƙinki ne a ba ki cikakkiyar takardar, haƙƙinki ne a yi miki bayanin duk layin da ya shige miki duhu. Ki nemi kalmar ambaliya da idonki, kada ki yarda da "ai yana ciki."

Ruwan ya zo da hantsi, rana tana haskawa. A kan duwatsu aka kwana ana ruwa, mu nan ko yayyafi ba mu gani ba. Ina zaune ina cinikin filo sai na ji ana ihu daga gangare, kafin in sa takalmi ruwa ya shigo shago ja wur kamar kunun kanwa. Ya hau har ƙugu, ya yi abin da zai yi, zuwa la'asar ya janye ya bar mana laka.

Auta, ban taɓa sanin ina da mutane haka ba sai ranar. Ban kira kowa ba. Maman Dauda, maƙwabciyarmu mai sayar da doya, wadda ke ba ki gasasshiya da manja kina ƙarama, ita ce ta fara shiga, zane ɗaure a ƙirji. Gidanta ma ruwa ya ci, amma ta bar nata ta zo nawa. Matasan masallaci suka zo, matan cocin su Maman Dauda suka zo, masu keke suka ajiye haya. Aka yi ta fitar da katifu ana rabawa gida-gida domin a wanke a shanya, don babu filin da zai ɗauke su a wuri ɗaya. Wasu a kan katanga, wasu a kan rufi, wasu har Kona aka kai su aka baza a kan duwatsu. Aka kwashe laka, aka wanke daɓe. Wani bawan Allah da har yau ban san ko wane ne ba ya kawo farar ƙasa ya shafe bangon, wai kada in riƙa ganin layin ruwan ina tunawa.

Ni kuma da na ga mutanen da suka yi mini wannan wahala yawancinsu a kan tabarma jiƙaƙƙiya suke kwana da 'ya'yansu, sai na ce duk wanda katifa take gidansa ya riƙe, na ba shi. Ba sabuwa ba ce kuma, ba za ta sayu ba, me zan yi da ita? Ban yi nadamar wannan kyauta ba. Abin da na yi nadama shi ne, a duk wannan hidima ba wanda ya ɗauki hoto, ni ma ban ce a ɗauka ba, ga waya a hannun kowa. A lokacin gani nake ɗaukar hoton masifa rashin tawakkali ne.

Sannan aka shiga karɓar 'yan jaje. Kin san yadda ake yi, tabarma a tsakar gida, wannan ya tashi wannan ya zauna. Malam Iliya ma ya zo washegari, ya yi mini jaje, da zai tafi ya rage murya ya ce, "Hajja, ki daure ki shigo ofis ki rubuta." Na ce to. Amma yaya za a yi mutane suna zuwa daga Zing da Lau su tarar ba na nan, an ce na tafi neman kuɗi? Sai da ƙafa ta ɗauke sannan na je, an kwana biyu sosai.

Ga nasihata a nan, ki riƙe ta da kyau. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, ki fara da ceton rai. Bayan shi, kafin tsintsiya ta taɓa ƙasa, ki ɗauki hoto da bidiyo, bango da kaya da komai. A ranar ki sanar da kamfani a rubuce, ko da saƙon waya ne, ki ajiye shaidar kin aika. Kayan da suka lalace a kawar da su daga inda za su ƙara lalacewa, amma kada a zubar, kada a bayar, sai an zo an gani. 'Yan jaje ba za su yi fushi ba don sun jira ki awa guda. Waɗanda za su yi fushi, dama ba jaje ya kawo su ba.

Da kamfani ya turo mai ƙiyasin asara, wani matashi mai ladabi, sai na karɓe shi kamar baƙon da ya zo gaisuwa. Na sa aka dama masa fura da nono. Ya shiga shago ya tarar da daɓe yana sheƙi, bango fari tas, ɗakin ajiya wayam. Ya ce, "Mama, asarar ta yi yawa?" Me kike tsammani 'yar gidanmu za ta ce? Na ce, "Alhamdulillahi, abin ya zo da sauƙi, tunda ba a rasa rai ba." Ya ce ina kayan? Na ce suna wurin jama'a. Ya rubuta, ya sha furarsa, ya yi godiya ya tafi. Ban ga laifin yaron ba. Abin da ya gani ya rubuta, abin da na faɗa ya ɗauka.

Godiya ga Allah wajibi ce, kuma har yanzu ina cewa abin ya zo da sauƙi. Amma mai ƙiyasi ba ɗan jaje ba ne, aiki ya zo yi. Ki ce alhamdulillahi, sannan ki ɗora da bayani dalla-dalla: kwali kaza ya jiƙe, firji ya mutu, ga rasit, ga hoto. Kada ki ƙara ko ƙwayar magani ɗaya a kan gaskiya, don ƙarya guda tana iya rushe haƙƙin gaba ɗaya, ga zunubi. Kada kuma ki rage. Ki tambayi sunansa, ki zagaya tare da shi, ki nemi sanin abin da ya rubuta.

Amsar kamfani ta zo bayan dogon jira. Wai na makara wajen sanarwa, kuma mai ƙiyasinsu bai ga kayan da suka lalace ba, saboda haka ba su da abin biya. Amma don tausayawa, in ji su, za su ba ni wani ɗan abu, in na sa hannu cewa magana ta ƙare har abada. Abin da suka ambata ko kayan kanta ɗaya ba zai mayar ba. A lokacin ne kika zo hutu kika ga ina jujjuya tuwo a kwano ba na ci. Kamfanin katifa ya dakatar da kawo kaya, shago ya zama fanko, kuma ban gaya miki ba, amma na fara tunanin karatunki zai tsaya.

Kawunki Hammajo ya zo ya zauna, ya ji komai. Ya ce, "Adda, munyal, haƙuri dai. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ki karɓi abin da suka ba ki. Mu ba a san mu da kai ƙara ba, kuma abin da ruwa ya ci Allah ne ya ƙaddara." Kada ki riƙe shi a rai, don ƙauna ya faɗa, kuma haƙurin da yake nufi shi ya riƙe gidanmu tun kakanni. Ni ma zuciyata ta kwanta da maganarsa. Har ma nauyi nake ji in mayar da hannun wanda ya ce tausayina ya ji.

Ranar da aka kawo takardar sa hannu ina zaune a shago, biro a hannuna, sai ga Maman Dauda ta shigo aron ashana. Ta dubi mai takardar, ta dube ni, ta ce, "Hajja, mene ne wannan?" Na gaya mata. Ta ce da irin Hausar nan tata, "Ni ban yi makaranta ba. Amma a kasuwan doya, mutum da yana sauri ya ba ka kuɗi, yana cewa karɓa karɓa, doyan ka ya fi kuɗin shi. Ajiye biro. Takarda ba zai ruɓe ba kafin gobe." Na ce Maman Dauda, kunya. Ta ce, "Kunya na menene? Lokacin da kana biya su kowane shekara, sun ji kunya?" Ta zare biron daga hannuna ta soke a ɗankwalinta, ta fita da shi, ashanar ma ta manta.

Washegari ta sa ni a keke har Barade, wurin wata lauya 'yar ƙanwar mijinta, Barista Rahila. A nan ne aka warware ledar nan aka karanta mini takardata a karon farko, ina zaune kamar 'yar aji ɗaya. Barista ta ce abin da kamfani ya rubuto matsayinsu ne, ba hukunci ba ne, kamfani ba alƙalin kansa ba ne. Ta ce ina da haƙƙin su nuna mini a rubuce wane layi na yarjejeniya suka dogara da shi. Ina da haƙƙin in ƙi yarda da ƙiyasinsu, in kawo nawa mai ƙiyasin. Ta ce makarata rauni ce, kada in ruɗi kaina, amma tunda wakilinsu Malam Iliya ya zo da ƙafarsa washegarin ruwan ya gani, akwai abin faɗa. Sai ta sa yatsa a wani layi ta yi dariya. Ashe yarjejeniyar da kanta ta wajabta mini in yi iya ƙoƙarina in rage asara. Ta ce, "Hajja, wanki da shanyar da unguwa ta yi, aikin da takarda ta ɗora miki ne suka yi miki. Ba laifi ba ne. Abin da ya rage shi ne a ga kayan."

Ki dubi wannan, Auta. Na biya kuɗi shekara da shekaru, na zo karɓar abin da aka yi mini alkawari, amma na tsaya a ƙofarsu kamar mai roƙo. Wannan shi ne kuskuren da ya fi ba ni haushi in na tuna. Diyyar inshora ba sadaka ba ce, ba alfarma ba ce, ciniki ne. Kada ki sa hannu a takardar da ta ce magana ta ƙare sai kin kai ta gida, kin kwana da ita, kin nuna wa wanda ya sani. Wanda ya hana ki tafiya da ita gida ya riga ya gaya miki abin da ke ciki.

Barista ta rubuta wa sashen koke na kamfanin. Suka yi shiru. Ta sake rubutawa, suka ce ana dubawa. Daga nan ta kai kuka ga hukumar gwamnati da ke sa ido a kan kamfanonin inshora, wadda ni ban ma san da ita ba. Ta ce in nan ma bai yi ba akwai sulhu a gaban mai shiga tsakani, akwai kotu, amma a bi matakala ɗaya bayan ɗaya, kuma kada a yi sanyi, don ƙara ma tana da wa'adinta. Duk takardar da ta fita sai ta ba ni kwafi. Ba mu kai kotu ba. Da hukuma ta nemi jin ta bakinsu, sai kamfani ya ce ya yarda a sake dubawa, za su turo wani mai ƙiyasin daban, mu ma mu kawo namu. Sharaɗi ɗaya ne: a gabatar da kayan da aka ce ruwa ya ɓata.

A nan na tsaya cak. Kayan ai na bayar. Watanni mutane suna kwana a kansu, an haifi jarirai a kansu. In bi gida-gida in ce kyautar da na yi a dawo mini da ita? Na ce wa Barista gara in rasa shagon. Da gaske nake, ba fushi ba ne. Na dawo gida na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar babanki, don na ga haƙƙina a tafin hannu, kuma na ga ba zan iya miƙa hannun ba.

Ban san Barista ta kira Maman Dauda ba. Ban san kuma Maman Dauda ta rufe rumfar doyarta ta bi unguwa ba. Ranar da masu ƙiyasi za su zo na buɗe shago ne kawai don kada a ce na gudu. Suka iso, aka gaisa, na buɗe baki zan ce su yi haƙuri babu kaya, sai na ga na kamfanin yana kallon bayana. Na juya.

Layi ne tun daga gangare. Katifa a ka, katifa a baro, katifa a saman keke. Maman Dauda a gaba da tata a kai, tana tafe tana ba da umarni kamar sarkin kasuwa. Tsohon limamin ƙasan layi ya riƙo gefe ɗaya, jikarsa ta riƙo ɗaya. Mutanen Kona suka zo da tasu a motar itace. Kowace katifa da tabonta ja, don lakar rafin nan ba ta fita duka ko an wanke, kuma kowace da tambarin shagona a kusurwa. Aka jingina su a bango har suka rufe gaban shago suka shiga na maƙwabta. Wani magini ya kawo wuƙa ya kankare farar ƙasar bango a gaban kowa, sai ga layin ruwan ya fito, daidai ƙugu.

Na rufe fuska da mayafi, na kasa kallon kowa. Maman Dauda ta matso ta ce, "Hajja, buɗe ido. Ba kai ka roƙa ba, mu muka kawo. Ranar ruwa mun ɗauka, yau mun dawo da shi, duka aiki ɗaya ne." Mai ƙiyasin kamfani, dattijo ne wannan karon, ya cire hula ya shafa kai, ya ce shi dai tun da yake aiki bai taɓa ganin shaida ta zo da ƙafarta ba. Suka ƙirga tare da namu, mutane suka faɗi abin da suka gani ranar. Kawunki Hammajo yana gefe a tsaye, ban san lokacin da ya zo ba. Da aka gama ya je gaban Maman Dauda ya ce da Fulatanci, "Useko," wato ya gode. Kin san Kawunki, wannan kalma ɗaya a wurinsa huɗuba ce.

Sun biya. Ba duka ba, rabin nan da na ɓoye da bakina ya tafi, kuma aka cire ɗan abin da aka ƙiyasta tsofaffin katifun za su yi, don in an biya ka kayan da suka lalace sun zama na kamfani sai in an daidaita. Na ce a cire, a bar mini su. A ranar kowa ya koma gida da tasa. Abin da aka ba ni ya isa na sake tsayawa, kamfanin katifa ya dawo da mota, kika gama karatu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: sun so su yi mini ƙwange, ni ma na ba su ƙofa har uku. Shi ya sa ba na zaginsu, kuma duk shekara ina sabunta takardata kafin ta ƙare, don Barista ta ce ranar da kuɗinka bai shiga ba, ranar ba ka da inshora. In zuciyarki ba ta kwanta da irin wadda na yi ba, akwai ta tsarin Musulunci da ake kira takaful, ki tambaya. Abin da ban yarda ba shi ne ki zauna a bakin kogi haka nan. Ke da kike sayar da magani ai ba sai an gaya miki rigakafi ya fi magani ba.

Mutum ɗaya ce ta ƙi komawa da tata. Maman Dauda ta jingina katifarta a ɗakina ta ce ta riga ta saba da tabarma, bayanta ma ya fi son ta. Ƙarya take yi, na sani. Na kai mata sabuwa daga motar farko, ta yi ta faɗa kafin ta karɓa. Tsohuwar kuwa ta ce, "Ajiye shi. Ranar da kunya ya sake kama ka, ka duba shi." Na ajiye, na kuma duba ta ba sau ɗaya ba. Da ta ji za ki tafi, ita ce ta zo da kanta ta ce, "Ba wa Auta. Shi ma jinin ku ne, kunya yana jikin shi." Ita ce katifar da ke ɗakinki yanzu. Ruwan gefe ɗaya kawai ya taɓa, an wanke, ta sha rana, ba abin da za ta yi miki. Sabuwa tana nan na ware miki, in kin zo da takardar inshorarki na gani da idona, ki ɗauka.

Ban ce ki yar da kunya ba, ita ce adonmu, kuma ita ta sa mutanen nan suka tsaya mini. Ki ji kunyar maƙwabta, ki ji kunyar manya, ki ji kunyar Allah a kan abin da kike sayarwa. Amma a gaban wanda kuka ƙulla yarjejeniya da shi, ki ɗaga kai ki yi magana. Kafin ki jera kwali ɗaya a kanta, ki shiga gidajen da ke dama da hagu ki gaishe su, Musulmi da Kirista, ki san sunan 'ya'yansu. Takarda ta ba ni haƙƙi, Barista ta nuna mini hanyarsa, amma a kan mutane ya hau ya zo har ƙofar shagona.

Na gode wa Allah da ya jarrabe ni da ruwa ya nuna mini mutane. Na gode masa da ya ba ni ke. Allah ya tsare ki daga wuta da ruwa da sharrin dare da rana, ya sa albarka a cinikinki, ya haɗa ki da maƙwabta irin nawa, ya sa takardar da za ki yi ta tsufa a leda ba a taɓa buƙatarta ba. Kawunki yana gaishe ki. Maman Dauda ta ce ki ci abinci, kuma har yau ba ta dawo mini da birona ba.

In kin shimfiɗa zanen gado, ki bar gefen tabon ta wajen da za ki riƙa gani.

Wassalam.

Taki har kullum,
Innarki.